Kishiyar Uwa Ta Talabijin Da Ta Cikin Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2007 ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a ɗakin taro na makaranta)



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai waɗanda suka koyar da mu da waɗanda suka zo bayan tafiyarmu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu da rahama, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini yin jawabi a bana, sai na ce masa anya bai yi ɓatan kai ba kuwa? A ajinmu akwai likitoci, akwai lauyoyi, akwai mai koyarwa a jami'a, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ni, wai mu ne muke da lokacin kallon talabijin. To, na karɓi wannan zolaya, kuma a kan talabijin ɗin zan yi magana. Abin da nake so mu duba shi ne yadda wasannin kwaikwayo suke nuna mana abubuwa biyu: yaron da abokai suka ja shi zuwa ga ɓata, da kuma matar uba ko mijin uwa da yaron yake hannunsu. Ina roƙon malamaina su yi mini afuwa tun da wuri, domin a cikin jawabin akwai tonon asirin kaina, kuma wasu daga cikinsu sun san labarin.

Malamanmu da yayyenmu sun fi mu sanin zamanin da talabijin yake talabijin, lokacin da unguwa guda takan taru a tsakar gidan mutum ɗaya don kallon Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ko kuwa waɗanda gidan CTV na Kano, da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi, yake nunawa. Mu wutsiyar wannan zamani muka tarar. Namu lokacin na kaset ne da faifan bidiyo, domin tun da Turmin Danya ya fito a 1990 finafinan Hausa suka yi ta hayayyafa, kafin mu shiga aji ɗaya kuwa sun cika kowane shagon haya. Da hutu kuma akwai Super Story na Wale Adenuga, da ya fara a 2001, kowace Alhamis da dare a NTA, da wani shiri mai suna I Need to Know, wanda aka yi daga 1997 zuwa 2002 da tallafin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, musamman don 'yan sakandare irinmu. A nan makaranta kuwa, kowa ya tuna daren Asabar: a fito da akwatin nan guda ɗaya, a tayar da janareta in da mai, siniyoyi su kame kujerun gaba, mu juniyoyi muna can baya muna ɗage kamar zakaru, wanda ya yi tari a ce gobe yana da fatik.

Cikin abin da muka kalla a waɗannan shekaru, akwai wani labari guda da ba na jin akwai wanda ba zai iya ba da shi da ka ba a ɗakin nan. Uwa ta rasu ko an sake ta. Uba ya auro wata. A gabansa tana lallashin yaro, yana ba da baya ta ɗauko muciya. Sai a nuno ta gurfane gaban boka, a ba ta ƙullin barbaɗe, ta zuba a miya, daga ranar maigida ya zama mijin-ta-ce, ko sunan ɗansa ba ya son ji. Yaro ya rasa abinci, ya rasa mai jin kukansa, ya fita waje, 'yan majalisa su karɓe shi hannu bibbiyu, su miƙa masa sigari, daga sigari sai wiwi, daga nan sai sata. A ƙarshe asiri ya karye, matar ta haukace ko ta makance, uba ya rungume ɗansa yana kuka, a rubuta alhamdu lillahi. An yi wannan da yaro, an yi da yarinya, an yi da agola a gidan mijin uwa. Sunaye kawai ake sakewa da kalar labule.

Masu shirya wasanni ba su suka ƙirƙiro wannan mata ba, gadonta suka yi. Tun muna kan cinyar kakanninmu aka ba mu tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, aka ba mu ta yarinyar da aka tura ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja don dai a rabu da ita. Amma akwai wani abu da malaminmu na Hausa ya nuna mana a aji huɗu, wanda ban gane nauyinsa ba sai da na girma. Littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya shiga gasar 1933 aka buga shi a 1934, ya ari sunan wannan ruwa, amma abin da ya fitar da Alhaji daga gida ya shiga duniya shi ne kishin Liman, mijin uwarsa, da aka kunyata a fada. Watau ɗaya daga cikin littattafanmu na farko na ƙagaggun labarai an gina shi ne a kan ƙaunar da ke tsakanin agola da mijin uwa. Shekara casa'in ke nan da suka wuce. Ina ƙalubalantar duk wanda yake nan ya lissafo mini wasanni biyar na talabijin da suka bi wannan sawu.

Dalilin da ya sa ba a bi ba, a ganina, bai wuce sauƙi ba. Muguwar kishiyar uwa ba ta buƙatar bayani. Da an nuno ta ta yi harara sau ɗaya, mai kallo ya riga ya san komai, marubuci ya huta. Matar kirki kuwa wuyar rubutawa gare ta, don sai ka nuna haƙuri, shi kuwa haƙuri ba ya ihu, ba ya fasa kwano, ba a yanke shiri a kansa a ce mu haɗu mako mai zuwa.

Kada wani ya fita ya ce na ce babu azzalumai. Akwai su, kuma mun gani da idonmu. A watan Agusta na 2020 aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10 a Birnin Kebbi, wanda aka ɗaure a turken dabbobi har shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. A cikin watan nan dai aka fito da wani matashi a Kano da aka kulle shekara da shekaru a cikin gidan ubansa. Duk mai imani da ya ga hotunan nan bai yi barci da daɗi ba. Sai dai ku lura, a duka biyun har da uban aka kama. A wasan kwaikwayo kuwa uba kullum wankakke ne, asiri aka yi masa. Mu maza mun ji daɗin wannan uzuri ƙwarai, shi ya sa ba mu taɓa yin ƙorafi a kansa ba.

Yanzu bari in zo kan kaina.

Mahaifiyata ta rasu a 2000, ina aji shida na firamare, ina da shekara 11. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, kwana uku yana gida, huɗu yana kasuwannin ƙauye. Shekara na zagayowa ya yi aure, a daidai lokacin da na shigo wannan makaranta. Matar da ya auro ba ta taɓa ganin mahaifiyata ba ko sau ɗaya, amma Bahaushe bai raga mata ba, kishiyar uwa yake ce mata, watau an haɗa ta kishi da wadda take kabari. Mu kuwa Anti muke ce mata. Ita kuma, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba, Yaya take ce mini tun kafin ta haifi waɗanda za su kira ni da haka.

Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa hana ni abinci ba. Amma ni na riga na san ta tun kafin ta zo, don na gan ta a talabijin. In ta yi mini fara'a, in ce a raina haka suke farawa. In ta ƙara mini nama, in tuna da ƙullin boka. Dangin mahaifiyata kuma, Allah Ya saka musu da alheri don ƙauna ce ta sa su, duk Sallar da na je gaishe su sai an ja ni ɗaki an ce, kada ka kuskura ka ci abin da ta ba ka kai kaɗai.

Ranar ziyara ita take zuwa, don Baba yana kasuwa. Takan zo da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki da sukari, da yaji a kwalba. Ku da kuka ci gabzar makarantar nan kun san darajar dambun nama a tsakiyar zango. Ina aji biyar na faɗa cikin wata ƙungiya ta mu biyar, kuma babbanmu, wanda ya girme mu da shekara biyu, shi ya fara ce mini, kai yanzu abin da kishiyar uwa ta kawo za ka ci? Ka tabbata babu barbaɗe? Sai in tsorata in ture. Su kuwa su buɗe su cinye tas a gabana, wai su ba da sunansu aka yi ba, ba zai kama su ba. Shekara guda cur ana cinye mini dambu da wannan dabara, ban farga ba. Kuna dariya, ni ma yanzu dariya nake yi.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Akwai wani wuri a bayan ɗakin girki inda katanga ta ɗan zube, na ga an gyara shi yanzu, Allah Ya saka wa wanda ya gyara. Ta nan muke tsallakewa bayan firef mu shiga gari gidan kallon ƙwallo. Sigarin farko da na sha ban so shi ba, tari na yi ta yi har da hawaye. Abin da ya sa na sha na biyu kalma ɗaya ce: ɗan Anti. Duk abin da na ƙi yi, sai a ce ku ƙyale shi, ɗan Anti ne, tsoron matar uba yake ji. Yaro ɗan shekara 16 zai iya jure bulalar Sajan goma sha biyu bai yi ƙwalla ba, amma ba zai iya jure dariyar mutum huɗu ba. Daga sigari muka koma kwalbar maganin tari.

Ƙarshen 2006, muna aji shida, Baba ya ba ni kuɗin rajistar jarrabawar WAEC da NECO in kawo makaranta. Ban kai wa kowa ba. Na ce sai Litinin, Litinin ta zama wata Litinin, wannan ya ce ara mini, wancan ya ce yau kai za ka yi mana, kafin mako uku babu ko kwabo. Da aka fara kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a asambule, hankalina ya tashi, na sami babban namu. Ko gezau bai yi ba. Ya ce wa ya haɗa maka kaya ranar da za ka taho? Na ce Anti. Ya ce shi ke nan, ka ce ka zo ka buɗe jaka ba ka ga kuɗi ba. Kai maraya ne, ita kishiyar uwa ce, wa zai ƙaryata ka?

Jama'a, na yi. Na karɓi izinin fita na je gida na faɗa wa mahaifina haka, a gabanta. Kuma maganar abokina ta tabbata, babu wanda ya ƙaryata ni. Kafin magariba labari ya kai gidan kakannina, goggonnina suka zo, aka ce dama an faɗa, so take ta hana shi karatu don 'ya'yanta su gaje gida. Maƙwabta suka ce ai ga irinta nan kullum ana nunawa. Baba ya yi mata faɗan da ban taɓa jin ya yi wa wani mahaluki ba, har ya ambaci tafiya gidansu. Ita kuwa, da ta ƙirga kuɗin nan da hannunta, ta ɗinke su a aljihun wandona da zare da allura don kada su faɗi a mota, ba ta ce komai ba sai, Allah Ya sani. Na dawo makaranta a daren da ƙuna a zuciya, amma da na ba abokaina labari sai suka tafa mini, suka ce yau na zama namiji.

Bayan kwana shida, ranar Laraba, ba ranar ziyara ba, aka aiko wai malamin gidanmu yana kirana. Yana nan zaune a cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Na shiga ofis sai na ga Anti a kan benci da goyo a bayanta, ƙafafunta duk ƙura. Rasit yana kan tebur. Keken ɗinkinta, wanda ta zo da shi daga gidansu, wanda da shi take ɗinka wa matan unguwa kaya, shi ta sayar ta zo ta biya. Malam ya tashi zai ba mu wuri, ta ce a'a Malam, zauna, gara a yi a gabanka.

Abin da ta faɗa mini ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta ce, Yaya, na biya, kuma ban zo don ka ba ni haƙuri ba. Ni nake share ɗakinka. Tun hutun da ya wuce na ga kwalabe a bayan katifarka, na ji warin da ke jikin rigunanka. Na kwana uku ina so in gaya wa Babanku, na rasa ta inda zan fara, don na san abin da za a ce: sharrin kishiyar uwa ne. Na yi shiru don in tsira da mutuncina, ga shi shirun bai tsirar da ni ba, kai ma bai tsirar da kai ba. Wannan laifina ne, kuma ba zan sake ba. Daga yau abin da na gani zan faɗa, kowa ya kira ni abin da ya ga dama.

Wannan magana ita ce dalilin tsayuwata a gabanku yau. Mun saba cewa illar irin waɗancan wasanni ita ce suna ɓata sunan matan uba. Illar ta fi haka zurfi. A gidanmu babu wanda ya fi kusa da ni, babu wanda ya riga ta ganin na fara lalacewa, amma labarin da aka yi ta nanatawa ya toshe mini kunne daga gare ta, ita kuma ya ɗaure mata harshe. Ya bar ni da mutum huɗu a bayan ɗakin girki. A talabijin muguntar matar uba ce take kora yaro wurin abokan banza. A kaina kuwa abokan ne suka ƙera mini muguwar matar uba, don sun san muddin ina da wanda nake jin nauyinsa a gida, ba za su same ni yadda suke so ba. Kayan ƙirar kuwa a shirye suka same su.

Malam bai kai ni gaban firinsifal ba, ko da yake laifina ya isa kora. Ya ba ni takarda da biro ya ce in rubuta wa mahaifina gaskiya da hannuna, ya karanta, ya ce ban gama ba, na sake, sai a karo na uku ya yarda. Shi da kansa ya kai wasiƙar ranar Asabar a kan babur ɗinsa. Sa'an nan ya raba ni da ɗakin kwananmu, ya mai da ni kusa da gidansa, kullum bayan sallar isha'i sai na je na nuna fuskata har muka gama jarrabawa. Malam, ban taɓa yi maka godiya a gaban mutane ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifa.

Mu biyar ɗin nan, ɗaya ya rasu bai kai shekara 30 ba, kuma duk mun san abin da ya ci shi, Allah Ya gafarta masa. Ɗaya har yanzu danginsa suna fama, yau ya samu sauƙi gobe ya koma. Da na je duba shi, wata dattijuwa a gidan ta ce mini ai kurciya matar ubansa ta yi masa. Na yi shiru, don na san hannun da ya fara miƙa masa kwalba, kuma ina wurin. Sauran biyun Allah Ya shirye su, ɗayansu ma ga shi can yana sunkuyar da kai, da izininsa nake wannan magana. Anti kuwa, da na gama jami'a na yi hidimar ƙasa na kama aiki, albashina na farko keken ɗinki na saya mata. Ta gwada shi, ta yi godiya, ta ce amma dai tsohon ya fi shi laushin ƙafa.

Abin da muka yi a ɓoye mu biyar, daga baya ya zama annoba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari suke sha. A watan Mayu na shekarar, bayan wani rahoton bincike na BBC, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta yi nata. Amma doka ba ta share ɗakin yaro, ba ta wanke masa riga. Wanda yake yin wannan shi yake fara gani, kuma a garuruwanmu, inda mutuwa da saki da ƙarin aure suka sa da wuya ka sami zuri'ar da babu maraya ko agola, sau da yawa mai ganin nan ba shi ya haifi yaron ba.

Ba zan hana masu wasanni haƙƙinsu ba, an sami ci gaba. Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa a 2015, mun ga shiri mai dogon zango da yake ɗaukar shaye-shaye da almajirci da rikicin cikin gida da natsuwa, yana barin mutum ya zama mai kirki yau, gobe ya yi kuskure, kamar yadda mutane suke. Amma yanzu kallo ya bar tsakar gida ya koma tafin hannu. Da, in ana nuna muguwar mata, akwai kaka a gefe da za ta ce kai, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yau yaro yana ƙarƙashin bargo da waya, yana bin shirye-shiryen YouTube ɗaya bayan ɗaya, waɗanda da yawansu yawan masu kallo suke nema ko ta halin ƙaƙa, kuma babu mai ce masa komai.

Na san haka ne don yanzu ni ne a kan kujerar. A 2021 na auri wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa namiji. Ya shiga shekarun nan masu wuya, irin waɗanda na fara tsallake katanga a cikinsu. Kawu yake ce mini. Ina biyan kuɗin makarantarsa, tare muke cin abinci, amma in na shigo falo sai ya kife waya, in na tambaye shi su wane ne abokansa sai ya dubi uwarsa kafin ya amsa. Kwanakin baya na ji wani abokinsa a ƙofar gida yana ce masa, kai da kake agola har wani dokar dawowa da wuri za a sa maka? Na tsaya a zaure na rasa abin yi. In na fita na yi magana, na zama mijin uwan da suke gani a waya. In na yi shiru, na san inda shiru yake kaiwa. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa Umar ɗan Abu Salama agola ne a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma hadisin ladubban cin abinci da kowane yaro ya haddace, shi aka koya wa a kan akushi ɗaya. Da wannan na ƙarfafa zuciyata na fita. Na kira shi gefe, ba a gaban abokin ba, na ba shi labarin keken ɗinki kamar yadda na ba ku. Ya saurara har ƙarshe, bai ce komai ba. Har yanzu yana kife waya. Amma ran Juma'ar da ta wuce ya tambaye ni ko Anti tana nan da rai, na ce tana nan, ya ce yana so in kai shi ya gan ta. Inda muke ke nan, ina roƙon ku sa mu a addu'a.

Ina da roƙo ga hukumar makaranta. Malaman gidaje su san wane yaro ne maraya, wane ne yake hannun matar uba ko mijin uwa, kuma in irin waɗannan iyaye suka zo, a karɓe su a matsayin iyaye, a ba su labarin yaro kamar yadda za a ba wanda ya haife shi. In yaro ya kawo ƙarar matar ubansa a saurare shi da kyau a bincika, don wani da gaskiyarsa, kuma rai ne a ciki. Amma a bincika ɗin, kada a yanke hukunci da abin da aka gani a akwati.

Ga ƙungiya kuma, na sami labari kulob ɗin wasan kwaikwayo da muka bari ya mutu, har labulen dandamali an yi shimfiɗa da shi. Ina ba da shawara mu tayar da shi, mu sa gasar rubuta gajeren wasa tsakanin gidajen kwana kowace shekara, a nuna wanda ya yi nasara a ranar taronmu. Ni na ɗauki nauyin kyautar shekarar farko daga aljihuna, gwargwadon ƙarfin ma'aikaci, bisa sharaɗi ɗaya: kada boka ya fito a ciki. Yaran nan su rubuta abin da suke gani a gidajensu da ɗakunan kwanansu, mai daɗi da marar daɗi. Waɗanda suke da abokai a cikin marubutan Kannywood, na san akwai aƙalla biyu a nan, su gayyato mana su su zo su yi alƙalanci, wataƙila su ma su koma da wani abu.

Da zan taho na biya na gaishe da Anti, ta tambaye ni a kan me zan yi magana, na ce a kan wasannin talabijin. Ta ce to in gaya muku ita ba ta yarda a taɓa mata su ba. Duk gidanmu babu mai kallonsu kamarta, kuma in aka nuno muguwar kishiyar uwa, babu wanda yake kai ta tsine mata. Na isar da saƙonta.

Mai girma shugaba, na ga sakatare yana nuna mini agogo. Duk mai son sa hannu a maganar gasar nan ya same ni bayan an tashi, ina nan bakin ƙofa da takarda.